Sunan da Goggo Ba Ta Faɗa

Duk wanda ya sha mazarƙwaila a kasuwar Makarfi a shekarun nan da aka karɓi mulkin kai, da wuya in bai taɓa lasar ta Tanko ba. Tanko na Nasarawan Doya nake nufi, mai tabon ƙuna a hannun dama, ɗan Malam Ja'afaru mai rake. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka in na ce mutumin nan yana da taurin kai kada wani ya ce sharri nake masa. Ni na goya shi, na san abin da na goya.

Mu biyu mata muka riga shi zuwa duniya, ni Lantana da Atika, shi ya sa aka ce masa Tanko. Kai, ranar da aka haife shi sai ka ce ba a taɓa haihuwar namiji a garin ba. Innarmu Fatsuma, Allah ya jiƙanta ya yafe mini kiran sunan, ta shagwaɓa yaron nan har abin ya fara ba ni haushi. Daga safe zuwa yamma ba ka jin komai a gidanmu sai Tanko zo ka ci, Tanko sauko daga nan, Tanko wa ya taɓa min kai. Ya tashi yana jin sunansa kamar yadda ake jin kukan kaji, ya ɗauka haka duniya take.

Bai fi shekara bakwai ba Inna ta rasu. 'Yar'uwar Baba ta ɗauke Atika ta tafi da ita Kudan, ni kuma dama an sa ranata, rani na yi aka kai ni Hunkuyi. Gida ya rage daga Baba sai yaro. To, namiji da injin rake da doki da fadama, ina zai iya da tuwo? Ba a jima ba ya auro wata Bafillatana daga Furana, doguwa, marar yawan magana, wadda ta taɓa aure ba ta samu haihuwa ba. Sunanta Zulaihatu, amma mu Goggo muke ce mata.

Ni dai ban taɓa samun matsala da Goggo ba. In na zo ganin gida tun daga zaure take jiyo muryata, ta ce, "Lantana, ke ce da tsakar ranar nan? Mijin naki ya kore ki ke nan, ya gaji da bakinki." Mu yi ta dariya. Atika ma haka. Amma Tanko? Ko sau ɗaya ba ta taɓa buɗe baki ta kira shi ba. In ta gama tuwo sai ta ajiye nasa a bakin rumbu ta ce da iska, "Ga na wannan." In ya shigo tsakar gida ta juya baya. In ya gaishe ta, ta amsa can ƙasan maƙoshi tana kallon murhu. Tuwonsa kam bai taɓa yin kaɗan ba, rigarsa ba ta taɓa kwana da datti ba, amma fuska babu. Mutanen unguwa suka yanke hukunci da wuri, suka ce ai matar uba ce, me kuke jira ta yi?

Yaron da ya saba a kira shi sau ɗari a wuni, ya wayi gari ya zama "wannan". Abin ya zauna masa a ciki, ya girma da shi.

Babban abin da ya riƙe shi ne na ƙunar. Yana ɗan saurayi, yana taya Baba aiki a inji. Ga wanda bai sani ba, doki ne ke zagayawa yana juya ƙarfen, ana tura rake yana matsewa, ruwan ya taru a dafa shi a babban kasko har ya yi kauri, sannan a zuzzuba a 'yan tasoshi ya daskare. Ran nan santsi ya kwashe Tanko, hannunsa ya faɗa cikin kaskon yana tafasa. Ya yi kusan wata yana kwance a ɗakin zaure. Baba ne ke shafa masa magani safe da yamma. Goggo kuwa, in ji shi, ko leƙe ba ta yi ba. Ranar da abin ya faru ma ba ta kwana a gidan ba. Duk sanda na ce masa ya riƙa sassauta mata, sai ya janye hannun riga ya nuna min tabon, ya ce, "Yaya, ina kwance da wannan matar nan ta tafi ganin danginta."

Haka aka yi ta tafiya. Ya yi aure, ya auri Rahmatu, suka haifi maza biyu. Ya ja katanga ya yi sashensa a cikin gidan. Aikinsa ya yi kyau, mazarƙwailarsa ja ce garau, ba ta ɗaci ba ta danƙo, har masu motar lodi daga Zariya suna tambayar ta ɗan Malam Ja'afaru. Shi da Baba kamar abokai suke, tare suke fita tare suke dawowa. Shi da Goggo kuwa sai "ina kwana" da "lahiya", shi ke nan har gobe.

Shekara biyu da samun mulkin kai, da kaka, rake ya nuna ana shirin ɗaura doki, Baba ya kwanta da zazzaɓi. Bai yi mako ba ya cika.

Wayyo, ni na yi kuka na more, don ni ba na iya ɓoye abu. Tanko kuwa ko ɗigo. Ya karɓi gaisuwa, ya yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in yadda ya kamata, sannan ya koma ya zauna a gindin mangwaron da ke kusa da inji, ya ƙi taɓa komai. Baba ne ke duba kaskon ya ce ya isa a sauke, kuma Tanko ya fi kowa sanin aikin, amma ya ce shi ba zai iya tsayawa a inda Baba ke tsayawa ba. Injinan maƙwabta suna ta kuka, namu shiru. Doki yana cin harawa yana ƙiba, rake yana tsufa a fadama.

Goggo kuma ta shiga takaba. Ga inda maganar take. Matar da ba ta da ɗa a gida, in ta fita takaba danginta ne ke zuwa su kwashe ta da kayanta, sai fa in wanda ya gaji gidan ya buɗe baki ya ce ta zauna. Wanta Bobbo ya riga ya aiko daga Furana cewa zai zo da jakuna. Matar da ta haura hamsin, wadda ta yi fiye da shekara ashirin a ɗakin nan, ita ta dasa zogalen bayan gida, ita ta san inda kowace kaza take ƙwai, za ta koma ta raɓe a gidan wanta kamar baƙuwa. Kalma ɗaya ce za ta hana, kuma kalmar tana bakin Tanko.

Na tambaye shi. Ya ce, "Wanda ya kawo ta ya tafi. Ni me na haɗa da ita?"

Da takabar ta yi nisa sai na roƙi maigidana ya bar ni in zo in taya ta zama, tunda Rahmatu cikinta ya tsufa ba ta iya hidima. Tun da aka kawo Goggo gidan ban taɓa yin kwanaki a jere tare da ita ba sai wannan karon. Da can zuwan yini nake yi, a gaisa a ci a sha in kama hanya.

Wata rana da hantsi muna zaune a ƙofar ɗakinta muna tsince wake. Tana ba ni labarin yadda Baba ya taɓa faɗawa rijiyar fadama da sabuwar rigarsa, karo na farko da na ga haƙoranta tun rasuwar. Sai ga sallamar Tanko, ya shigo neman igiya. Maganar ta tsinke mata a baki. Ta ja mayafi ta rufe gefen fuska, ta karkata ta ba shi ƙeya, ta shiga tsince waken da ta riga ta tsince.

Na san wannan ƙeyar. Na san wannan jan mayafin. Ni ce fa 'yar fari a ɗakin Inna. Har ta koma ga Allah Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido a gaban mutane ba. "'Yar nan" take ce min. Na yi shekara goma sha biyar ina kallon ƙeyar Inna, ban taɓa kuskuren ɗaukar ta ƙiyayya ba, don kowa ya san uwa tana kunyar ɗanta na fari.

Yana fita na ajiye faifan. Na ce, "Goggo, don Allah in tambaye ki. Kunyar Tanko kike yi?"

Ta ɗago kamar na tambaye ta ko ana salla da alwala. Ta ce, "Ke Lantana, ki daina kiran sunan nan a gabana haka gatsau. To da me zan yi in ba kunya ba? Wa ke kallon ɗan fari?"

"Ɗan fari kuma? Goggo, ai ba ke kika haife shi ba."

Ranta ya ɓaci, na gani. Ta ce, "Ranar da aka kawo ni gidan nan, Malam ya kamo hannunsa ya sa a nawa, ya ce ga ɗanki. Ban taɓa samun wani kafin shi ba, ban samu wani bayansa ba. In ba na fari ba ne, na nawa ne? Ku da Atika na tarar da ku an raba ku, ku 'ya'yan Malam ne, ina wasa da ku. Wannan kuwa ni aka ba."

Na ce, "To ƙunar fa? Ya ce ranar ba ki kwana a gida ba."

"Ina zan kwana? Akwai wata tsohuwa a rugarmu mai maganin wuta. Na fita da azahar a ƙasa, na kai Furana, na karɓo, na haɗo da man shanu na juyo. Ƙafafun nan sai da suka fashe. Na ba Malam ya shafa. Ni zan shiga ɗakinsa in tsaya a kansa, mutane su ce ga marar kunya?" Ta share hanci da bakin mayafi. "Duk abin da zan ce masa Malam nake gaya wa. Ya yi rama, a ce ya ci abinci. Yarinyar nan Rahmatu ta yi hankali, a nema masa. Malam ne bakina, Lantana. Yanzu bakin ya tafi."

Na ce ta san yana ganin tsanarsa take yi? Ta zaro ido. Ashe ita duk shekarun nan da yake ɗaure mata fuska, ta ɗauka shi ma kunyar ce yake mayar mata, har tana jin daɗi wai yaro ya yi tarbiyya. Innalillahi! Mutum biyu a gida ɗaya, ɗaya yana fushi, ɗaya tana yaba masa ladabi. Baba kuma, Allah ya jiƙansa, ya san nata bai san nasa ba, don Tanko bai taɓa kai masa ƙarar matarsa ba. Shi ma kunya.

Ban tsaya neman takalmi na kirki ba, na figi gyale na nufi inji. Na same shi a gindin mangwaro yana fere kara. Ban ko gaishe shi ba.

Na ce, "Kai, sakarai. Ka taɓa jin Inna ta kira sunana?"

Ya dube ni. "Yaya, lafiya?"

"Amsa min."

Ya yi tunani. Ya ce, "A'a. Amma ai ke 'yar fari ce."

"Tsanata take yi?"

"Haba Yaya."

"To kai ma ɗan fari ne, ɗan farin Goggo, shekara ashirin da ɗoriya, kana nan kana kumbura kamar kwaɗo." Na zazzage masa duk abin da ta gaya min, ban rage ko ɗaya ba.

Ya ce ƙarya ne, dabara ce don ta ga za a kwashe ta. Nan fa raina ya tashi. Na kama hannun nan mai tabo na ɗaga masa shi a fuska. Na ce, "Maganin da aka shafa maka, warin me yake?" Ya ce man shanu. Na ce, "Baba saniya gare shi? A ina ya samo?" Can ya ce, a hankali, kamar mai magana da kansa, ya tuna lokacin da ya fara fitowa tsakar gida ya gan ta tana ɗingishi, ƙafafunta ɗaure da tsumma. Bai taɓa tambayar dalili ba.

Na zaci zai tashi mu tafi gida a take. Ina! Ba Tanko ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Yaya." Ya ci gaba da fere karansa.

Kwanaki suka yi ta wucewa bai ce uffan ba. Abin da kawai na lura, ya daina shigowa tsakar gida kai tsaye, sai ya tsaya ya yi gyaran murya. Goggo kuwa ta fara haɗa kaya, tana jera ƙore cikin juna tana ɗaurewa da igiya. Na ce mata ta aika masa mana ta ce tana son zama. Ta ce ita ta roƙi ɗanta wurin kwana? Gara ta tafi. Na koma wurinsa, ya ce shi da wane ido zai kalle ta bayan abin da ya yi shekaru yana faɗa a kanta? Na rasa wanda zan fara shaƙewa a cikinsu. Abinci ma ya daina shiga min.

Ana haka Rahmatu ta sauka, ta samu mace, ta farko bayan maza biyu. Babu wanda ya tsaya tambayar suna. Kowa ya san tun Tanko yana saurayi yake cewa ranar da ya samu 'ya mace, Inna ce ta dawo. Mata masu zuwa barka har sun fara ce wa jaririyar Fatsuma.

Goggo ta yi wankan fita takaba ana gobe suna. Da sassafe, maza suna taruwa a ƙofar gida, sai ga Bobbo da jakunansa biyu. Ya ce ya yi sa'a, zai ci goron suna sannan su kama hanya kafin rana ta yi zafi. Ya shigo ya fitar da ƙoren da tabarma da akwatin katako, ya ɗaure a kan jakunan. Goggo tana zaune a bakin gado a ɗakin da ya zama fayau, da mayafinta a ka. Ni ina tsaye a ƙofa ina haɗiyar zuciya.

Muka ji liman ya yi addu'a, aka shafa. Sai maroƙi ya ɗaga murya yadda za ta iso cikin gida.

"Sunan yarinya Zulaihatu! Allah ya raya Zulaihatu!"

Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zuwar min shi ne Inna, sai da ƙirjina ya soke. Sannan na tuna ni ma ina da Fatsumata a Hunkuyi, Atika ma tana da tata, sunan Inna bai ɓata ba. Wannan matar kuwa duk duniya babu wanda zai mayar da sunanta in ba shi ba. Na juya na kalle ta. Ta toshe baki da hannu biyu.

Ba a jima ba muka ji gyaran murya. Tanko ne, ya zo ya durƙusa a gefen ƙofar, inda ba za su haɗa ido ba. Ya dube ni.

"Yaya, ki gaya wa mutanen ɗakin nan, ga uwata an samu, ba ta da mai yi mata wanka. In sun tafi ban san yadda zan yi ba." Ya duƙar da kai. "Ki ce kuma su yafe min. Ban sani ba."

Tsakaninsu bai fi taku uku ba, amma na juya na maimaita mata tsaf, kalma bayan kalma, don na ga aikin Baba ne ya faɗo kaina.

Goggo ta gyara mayafinta. Sannan ta ce da bango, "Lantana, ki ce wa Bobbo ya sauke kayan nan kada ya fasa min ƙore." Ta ja numfashi. "Ki ce wa wannan babu abin yafewa. Ki ce masa kuma ya je ya ɗaura dokin nan, raken Malam yana lalacewa."

A nan ne Tanko ya yi kukan Baba. Ƙaton mutum, mai 'ya'ya uku, ya kifa kai a jikin bango yana shessheƙa, gida cike da mata 'yan suna. Ban hana shi ba. Na ji kamar an sauke min dutsen niƙa daga ka. Bobbo ya yi ta mita wai an sa shi wahalar da jakuna a banza, aka cika masa buhu da mazarƙwailar bara ya yi shiru. Washegari da hantsi muka jiyo kukan injinmu daga fadama.

Tun daga ranar Tanko bai taɓa kiran sunan 'yarsa ba, don mutum ba ya faɗin sunan uwarsa. Uwaliya yake ce mata, har ya bi ta. Da masu lambar rigakafin cutar agana suka zo gari suka tambaye shi sunan yarinya na yanka, tsayawa ya yi yana sosa ƙeya sai da aka kira Rahmatu ta faɗa. Goggo ma ba ta canza ba ko kaɗan, yana nan a "wannan" ɗinsa. Sai dai yanzu in ta faɗa, har wani washe baki yake yi.

Ni na sha wahalar aike, don duk zuwan da zan yi sai na tarar da saƙonni sun taru ta kowane ɓangare suna jirana. Allah ya taimake ni yarinyar ta yi baki da wuri. Ranar da na san na huta, na zo gida na tarar da ita tana tafe daga ɗakin Goggo da ƙwaryar fura, rabi yana zuba a ƙasa. Ta tsaya a gaban ubanta ta ce, "Baba, takwarata ta ce wai ka rame, ka shanye duka."

Ya karɓa da hannun nan mai tabo, ya shanye duka.